Rathalos a wasanni uku: me ya sauya, me ya zauna yadda yake

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya tambaya ko Rathalos na Monster Hunter: World shi ne dai na Final Fantasy XIV da Super Smash Bros. Ultimate, kuma ko dabara ɗaya ce ke kayar da shi.

Dodon ɗaya ne, ɗan'uwa. Kamfanin Capcom ya fito da shi tun wasan Monster Hunter na farko na 2004: ja, mai fukafukai, yana feso wuta, faratansa da dafi, rurinsa na daskarar da mutum. Abin da ke sauyawa shi ne dokar gidan da ya sauka.

A World kana da minti 50 a yawancin farauta, kuma suma uku ke rushe aikin. Makamin wuta ɓata lokaci ne a kansa. Nemi mai ƙarfin dodanni, in babu, mai tsawa. Idan ya tashi sama, harba Flash Pod, ƙunshin haske mai kashe ido, a gaban idonsa, zai faɗo. Inda sababbi ke kuskure shi ne harbawa alhali ya juya musu baya, sai hasken ya tafi a banza. Jelarsa kuwa sai makami mai kaifi ke yanke ta, guduma ba ta yi. Kada ka fita ba maganin dafi.

Na Final Fantasy XIV, wanda ya shigo a Agustan 2018 da sunan The Great Hunt, shi ne ya fi rikita mutane, kuma a ganinmu shi ne haɗin da aka fi yi wa aiki. Ba ka shiga sai ka kai mataki na 70 kuma ka kammala labarin Stormblood, wani kashi na wasan. Faɗan iri biyu ne: na yau da kullum mutum 8 ne, mai tsanani mutum 4, kuma a mai tsananin mutuwa uku kacal aka yarje wa ƙungiya gaba ɗaya. Mai garkuwa, wato mai ɗaukar duka a madadin ƙungiya, ba ya iya riƙe hankalin dodon, wanda ya ga dama yake bi. Yawancin hare-harensa ba su da zanen gargaɗi a ƙasa, don haka jikinsa za ka kalla: juyin kai, lanƙwasar jela. A tsakiyar faɗan sai kowa ya fake bayan gawar Garula, wata dabba da ke shigowa filin; duk wanda ya tsaya a fili ya mutu. Bayan nan sihirin warkarwa ya daina aiki, sai maganin sha na Mega Potion guda 10 da aka ba kowa. Masu sha da ɗan rauni kaɗan su ne ke ƙarewa hannu wofi. Sai kun cika ma'aunin da ke kayar da shi ƙasa sannan duka ke shigarsa sosai, lokacin ne kuma ake samun jelar. Mai son hawansa ya tara ɓawo 50 daga mai tsananin.

Na Smash, na Disambar 2018, ya fi sauƙi. Fili ne na hagu da dama, ba zagayawa. Ƙwayar Deku Nut ke maye gurbin Flash Pod, Pitfall kuma tarkon rami. Ajiye ƙwayar sai ya tashi sama. Yana kuma fitowa a matsayin mataimaki, ya yi maka faɗa.

Idan daga World ka fito, fara da na mutum 8 kafin mai tsananin.