Balady bayan gobara: inda take sauri da inda take cijewa

Wanda gidansa ya ƙone a Makka ko Jidda, kafin ya kira magini sai ya bi ta manhajar Balady, domin ta nan baladiyya, wato hukumar gari, ke ba da rukhsar (izinin) tarmim, wato gyara, da ta rusau da ta sabon gini. Da Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum, ake shiga. Ga mai sakk, wato takardar mallakar gida, da aka sabunta aka shigar a kwamfuta da sunansa, aikin ba laifi: ba layi, ba a je a dawo, kuɗin ma ta Sadad, tsarin biya ta banki, ake biya.

Sai dai ba ita ce farkon tafiya ba. A fara karɓar rahoton Difa'ul Madani, wato hukumar da ke kashe gobara, kuma kada a share toka ko a shafa fenti tukuna, don masu inshora sai sun gani da idonsu. Daga nan a ɗauki maktab handasi, wato ofishin injiniyoyi, mai rajista.

Injiniyan nan shi ne zai raba gardama tsakanin gyara da rusau, kuma a nan mutanenmu suka fi yin asara. Bango ya yi baƙi ba komai ba ne, hayaƙi ne. Amma in aka kankare ginshiƙi aka ga kankaren ya koma ja-ja, zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Celsius, ƙarfinsa ya ragu. Sai an huda an ciro samfuri an gwada. Wanda ya lulluɓe shi da filasta, ya ɓoye ciwo ne kawai. Wayoyin cikin bango kuwa a zare su duka, ko da fitila na kamawa.

In rusau ne, gidan ba zai dawo yadda yake ba. Sabon gini yana bin ƙa'idar gini ta Saudiyya, da tazara daga titi da maƙwabta, da inshorar aibin ɓoye, wato lahanin gini da ke bayyana daga baya, ta shekara 10. Ƙaramin fili a lungu sai ya ƙara tsukewa.

Inda Balady ke cijewa shi ne gidan gado. Sakk da sunan kaka, magada goma sha, wani yana Kano wani yana Wad Madani ta Sudan. Sai an fitar da takardar ƙididdige magada, kowa ya ba da wakala, kafin a motsa. Gidan da ba sakk kuwa, irin na tsofaffin unguwanni, manhajar ba ta da abin yi masa.

Mai haya, wannan ba hurumin ka ba ne, na mai gida ne. Kai dai ka riƙe kwantiraginka na Ejar, dandalin gwamnati na rajistar haya, da kwafin rahoton gobarar.