Auna jikin tsuntsu ko a ɗibi jininsa?

Masu binciken tsuntsayen daji in suna son sanin ko tsuntsu na cikin wahala hanya biyu suka fi bi, ko su auna jikinsa ko su ɗibi jini. Awon jiki ba wuya, a ɗora shi a sikeli, a auna tsawon ƙafa, a hura gashin ƙirji a ga kitse da tsoka, shikenan a sake shi. Matsalar kawai nauyi na yaudara, da safe bai kai na yamma ba, mace in ta kusa yin ƙwai tana ƙara nauyi, kuma wasu ƙananan tsuntsaye masu ƙetare Sahara kusan ninka nauyinsu suke yi kafin su tashi, to ka ga ƙiba ba kullum take nufin lafiya ba.

Shi kuwa jini ya fi faɗin gaskiyar ciki amma akwai rigima. Sinadarin damuwa da ake nema, kotikosteron, dole a ɗiba cikin minti 3 da kamu, in an wuce haka tsoron kamun ne za ka auna ba halin da yake ciki a daji ba. Shi ya sa wasu suka koma ƙirga fararen ƙwayoyin jini, nau'in da ake kira heterofil na ƙaruwa, nau'in limfosayit kuma na raguwa in wahala ta daɗe, kuma wannan baya saurin canzawa.

Ni dai in ɗaya zan zaɓa ga ɗan ƙaramin tsuntsu awon jiki zan ɗauka, don jininsa kaɗan ne kuma wallahi riƙe shi da yawa ma cutarwa ce.