Robar haƙorana ta karye bayan shekara 3, ga yadda na yi na samu wata

Da asubar wata Laraba cikin hunturu ina tsaye a bakin famfo ina wanke robar da nake kwana da ita a baki, sai ta suɓuce daga hannuna ta faɗi kan tayil. Ƙarar ba ta kai ta faɗuwar cokali ba. Da na sunkuya sai na tarar ta rabu gida biyu: babban ɓangaren a gabana, ƙaramin kuma, wanda ke rufe matauna biyu na ƙarshe ta hannun dama, ya yi tsalle can gindin buta. Na ɗauko su ina ta haɗawa ina rabawa har aka tayar da salla a masallacin unguwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san irin daren da ke jirana idan babu ita.

Ni mai tauna haƙora ce cikin barci. Ban taɓa jin kaina ba, maigida ne ya fara faɗa min a farkon aurenmu, ya ce ƙarar kamar ana gurza tsakuwa a kan siminti. Mama ta ce tsutsar ciki ce, haka ake faɗa tun muna yara, na sha maganin tsutsa ba abin da ya sauya. Abin da ya kai ni wajen likitan haƙori shi ne ciwon kan da nake tashi da shi kusan kullum a gefen goshi, da gajiyar muƙamuƙi kamar na kwana ina cin ƙashi, sannan ruwan sanyi ya fara tsarga min har ƙwaƙwalwa. Likitan ya miƙo min madubi ya nuna min fiƙoƙina na sama. Tsininsu ya tafi, sun daidaita kamar an goga su da fayil. Ya ce farin ɓawon da ke lulluɓe da haƙori ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, amma idan ya cinye ba ya sake tsirowa, abin da ya tafi ya tafi. Sunan matsalar a wajensu burukzizim.

Robar da suka yi min a lokacin mai tauri ce, garai-garai kamar gilashi, da akirilik aka yi ta, tana rufe haƙoran sama gaba ɗaya. Irinta ce ake kira ta Mishigan, saboda a jami'ar Mishigan ta Amurka aka tsara ta. Samanta a shimfiɗe yake sumul, yadda haƙoran ƙasa za su riƙa zamewa a kai ba tare da sun sami abin kamawa ba. Zan faɗi gaskiya a kanta: ta yi min aiki. Cikin mako 2 ciwon kan safiya ya ragu sosai. Ba ta hana ni taunar ba, kuma likitan bai yi min alkawarin haka ba. Aikinta ta karɓi dukan a madadin haƙora. Shekara 3 tana karɓa, har haƙoran ƙasa suka haƙa mata ƙananan ramuka da nake ji da yatsa.

A ɗaya daga cikin ramukan nan tsagar ta fara. Watanni kafin ta faɗi na lura da wani siririn layi kamar gashi a ta baya, na ɗaga ta saitin fitila na duba, na ce ai tana shiga daidai, na ci gaba da sawa. Babu wanda ya taɓa ce min in riƙa kai ta ana dubawa duk lokacin da na je wankin haƙori, kuma wannan shi ne ƙorafina na farko a kan asibitin. Sun miƙo min ita a ɗan akwati, suka ce in riƙa wankewa, shi ke nan. Daga baya ne na ji cewa irin wannan mai taurin, idan tsagar ƙarama ce, sau da yawa ana iya cike ta da sabon akirilik a goge. Da na sani da tun a lokacin na kai.

Ƙanena da ya ga gutsattsarin a kan tebur cewa ya yi: "Yaya, kawo in ɗiga miki sufa gulu, minti ɗaya ta koma." Na so in yarda. Amma na fara kiran asibitin, aka haɗa ni da likita, ya ce: "Hajiya, don Allah kar ki yi." Gam ɗin ba don baki aka yi shi ba, ga shi zai kwana cikin yawu sa'o'i. Kuma ko da ya kama, idan haɗin ya kauce da kaurin gashi ɗaya, cizona zai sauka a gefe guda, ƙarfin muƙamuƙi duka ya taru a kan haƙori ɗaya ko biyu. Na tambaye shi ko in riƙa sa babban ɓangaren shi kaɗai kafin a yi sabuwa. Nan ma ya ce a'a. Bakin karayar yana da kaifi, zai yanki harshe ko kumatu, wani guntun kuma zai iya ɓallewa ina barci ya wuce maƙogwaro. Ya ƙara da cewa haƙoran da aka bari a buɗe alhali sauran suna rufe za su iya motsawa idan abin ya ɗauki lokaci.

Na zaci abin mai sauƙi ne, tunda suna da siffar bakina ta filasta, wani farin gari mai daskarewa kamar siminti, da suka zuba a karon farko, su sake buga wata a kai kawai. Sai mai karɓar baƙi ta ce ba sa ajiye su, an zubar tuntuni. Na ji haushi. Likitan ya yi min bayanin cewa ko tana nan ba lallai ta yi amfani ba, saboda haƙora suna ɗan motsawa da shekaru, kuma a tsakani an cike min rami a matauni ɗaya, siffarsa ta sauya. Wannan hujja ce, na karɓa. Amma abu ne da na biya kuɗinsa, da sun tambaye ni ko ina so kafin su zubar. Aka ba ni ranar zuwa awo bayan kwana 9, haɗawar kuma wasu kwanaki, domin ba a asibitin ake yi ba, akwai masu sana'ar haɗa haƙoran roba da suke aika wa.

Daren farko babu ita na tashi da muƙamuƙi a ɗaure, da ƙyar na buɗe baki na yi asuwaki. A rana ta uku na shiga wani babban kantin magani na sayi irin wadda ake tsomawa a ruwan zafi a ciza. Kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na ta asibiti ba, kuma na san mutane da yawa a nan za su tsaya, shi ya sa zan ɗan daɗe a kanta.

Roba ce mai laushi, girma ɗaya aka yi wa kowa. Za ki tafasa ruwa ki sauke, ki tsoma ta na ɗan lokaci har ta yi lagwai, ki tsamo ki bari ta ɗan huce, ki sa a baki ki ciza, kina danna ta da yatsu ta waje kina tsotse iska, sannan ki jefa ta a ruwan sanyi ta daskare. A karon farko na bar ta ta wuce lokaci, gefunan suka naɗe suka manne da juna. Sa'a fakitin guda biyu ne. Ta biyun ta ɗauki siffa, amma ta yi kauri, leɓɓana ba sa haɗuwa, yawu yana zuba a kan filo, bayanta kuma yana taɓa ganɗa yana sa ni yunƙurin amai har sai da na rage shi da almakashi. Sau biyu na farka tsakar dare na tarar da ita a kan zanin gado. Abin da ya fi damuna kuwa laushin nata ne. Bakina ya ɗauke ta kamar cingam, ina jin kaina ina tauna ta tun kafin barci ya ɗauke ni, da safe gajiyar ta fi ta daren da na kwana babu komai. Da na faɗa wa likita bai yi mamaki ba, ya ce masu taunar da ta yi ƙarfi wasunsu haka roba mai laushi take musu. Kafin mako 2 matauna sun kusa huda ta. Iyakar abin da zan yaba mata shi ne ta hana haƙori gogar haƙori a kwanakin jira, ruwan sanyi bai dawo yana tsarga min ba.

Na kuma leƙa intanet na ga kamfanonin ƙasashen waje da ke aiko da kayan awo gida, ki ɗauki siffar bakinki da kanki ki mayar musu, su haɗa su aiko. Ban gwada ba. Da na lissafa kuɗin aike zuwa da dawowa da canjin dala, arahar ta gudu, kuma idan ta iso tana matsa haƙori ɗaya wa zan kai wa ya gyara?

Ranar awo, wata ma'aikaciya ta dama wani gari da ruwa a ƙaramin kwanon roba, ya yi kauri kamar kullun ƙosai, launinsa ruwan hoda, yana ƙamshin na'a-na'a. Aljinet ake ce masa, daga ciyawar teku ake samo shi. Ta cika wani faranti mai siffar kofaton doki da shi, likita ya danna min a haƙoran sama. Sanyi, da nauyi, da jin kamar zai gangara maƙogwaro. Ma'aikaciyar ta dafa kafaɗata tana cewa: "Anti, sunkuyo da kai kaɗan, ki yi numfashi ta hanci, saura kaɗan." Minti 2 zuwa 3 ya daskare, aka ciro shi da wata 'yar ƙara, ga kowane haƙori da raminsa. Likita ya duba ya ce iska ta shiga ta wajen matauni na ƙarshe, a sake. Ban so ba, amma a nan na fara yarda da aikinsa. Aka yi na ƙasa ma, sannan na ciji kakin zuma don a san yadda sama da ƙasa suke haɗuwa.

Ya ba ni zaɓi uku: mai laushi, mai tauri, da mai hawa biyu wadda cikinta laushi wajenta tauri. Raina ya so mai hawa biyun saboda an ce ta fi daɗin sawa. Ya ɗauki tsohuwar tawa ya nuna min zurfin ramukan, ya ce ga mai ciza irin tawa mai taurin ta fi ƙarko, kuma ita ce ta fi sauƙin gogewa da gyarawa. Na bi shawararsa. A zaman nan ne kuma ya yi min tambayoyin da ba a yi min a karon farko ba. Ina shan shayi da dare? Ina cin goro? Maigida ya taɓa cewa ina minshari ko numfashina yana ɗaukewa cikin barci? Akwai maganin da nake sha kullum? Ya ce goro da shayi da kofi duk suna ɗauke da kafeyin, sinadarin nan mai hana barci, wanda kan ƙara taunar, haka ma taba da damuwa da wasu magungunan ciwon damuwa, kuma a wasu mutanen taunar tana tafe ne tare da ɗaukewar numfashi a barci. Ni dai shayi mai kauri bayan isha'i al'adata ce ta shekaru. Na mayar da shi la'asar.

Bayan kwana 8 aka kira ni. Kuɗin ya haura ninki biyu na abin da na biya a karon farko, suka ce kayan aikin duka daga waje ake shigo da su. Ya yi min nauyi, sai da na taɓa kuɗin adashe. Amma sawar da aka yi min ta nuna min inda kuɗin ya tafi. Da ta shiga ta yi ƙas, sai dai tana matsa haƙoran gaba biyu, likita ya cire ya goge cikin kaɗan. Sannan ya sa wata siririyar takarda shuɗiya tsakanin robar da haƙoran ƙasa, ya ce in ciza, in gurza dama, in gurza hagu, in turo gaba. Ya ciro robar, ga ɗigo-ɗigon shuɗi a inda haƙora suka taɓa. Ta hagu sun yi duhu, ta dama kusan babu. Ya goge masu duhun da ɗan injinsa, muka sake. Mun yi haka ya kai sau shida kafin ɗigon ya bazu daidai ko'ina. Ya ce in dawo bayan mako 2 a sake dubawa ba tare da ƙarin kuɗi ba, don idan muƙamuƙi ya saki cizon yakan ɗan sauya. Na koma, kuma lallai sai da ya sake goge wuri ɗaya.

Yau wata 4 ke nan ina kwana da ita. Ta fi tsohuwar siranta ta wajen ganɗa, ina iya amsa magana da ita a baki. Ciwon kan ya tafi tun makon farko. Aikin hannun likitan da na masu haɗawar ba ni da abin cewa a kai, zan iya tura 'yar'uwata wajensu. Inda suka gaza shi ne bayani da saurin ba da lokaci: kwana 17 mai ciwo yana jira ya yi yawa, kuma sharuɗɗan kula da ita sai da na zauna na tambaya ɗaya bayan ɗaya. Ruwan sanyi ko mai ɗumi kaɗan, ban da na zafi. Burushi mai laushi da sabulun ruwa, ban da man goge baki domin yana kankare ta ƙwayoyin cuta su sami maɓoya. Kar a bar ta cikin mota a rana. A zo da ita duk zuwa asibiti.

Yanzu a cikin roba mai ruwa nake wanke ta, a zaune, ba a tsaye kan tayil ba. Wannan karon kuma na roƙi a ba ni siffar filastar, suka ba ni ba musu. Na naɗe ta a tsohon ɗankwali na sa a saman durowa, tare da gutsattsarin tsohuwar, don likita ya ce in zo da su nan da wata 6 ya gwada zurfin ramukan da na sabuwar.