Na kai ruwa, ƙasa da ganyen tumatir gwaji: abin da na samu da abin da ya ɓata min rai

Rumfunan shuka biyu gare ni a bayan garin Kura, irin waɗanda ake rufewa da leda da raga, ana ba su ruwa ta tiyo mai ɗiga. Na shiga harkar ne bayan 2016, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye mana tumatir a Kadawa har muka rasa abin kaiwa kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Raga ta raba ni da yawancin ƙwari, amma akwai abin da ban lura da shi ba sai da na sha wuya: a cikin rumfa ruwan sama ba ya wanke ƙasa. Duk takin da ka zuba, gishirinsa yana nan yana taruwa, damina ta zo ta wuce bai motsa ba.

A watan Afrilun bara abin ya fito fili. Sabon ganye ya riƙa fitowa ɗorawa, jijiyoyinsa kaɗai ne kore, 'ya'yan kuma gindinsu ya yi baƙi ya loɓa kamar an ɗana musu garwashi. Na ƙara yuriya, na ƙara takin zamani na 15-15-15, na sayi maganin feshi na kalsiyam, duk a banza. Wata safiya yaron da ke kula min da rumfar ya miƙo min tumatir uku a tafin hannunsa ya ce, "Maigida, ƙasar nan ta gaji." Ganin haka na bi shawarar wani aboki mai irin wannan noma a Jos, na nemi ɗakin gwaje-gwaje a cikin Kano.

Abin da ya fara burge ni shi ne sun ƙi karɓar ganyen da na kai da farko. Na ɗaure shi a baƙar leda, ya wuni a mota, ya dahu ya jiƙe. Malamar da ke karɓar samfuri ta buɗe, ta duba, ta ce, "Alhaji, in na gwada wannan na ci kuɗinka ne kawai." Ta zaunar da ni ta koya min: in tsinko ganye kamar ashirin da safe daga shuka daban-daban, wanda ya gama buɗewa, na huɗu ko na biyar daga sama, wanda ba a yi wa feshi ba, in sa a ambulan na takarda. Ƙasa in ɗebo daga wurare da yawa kusa da saiwa in gauraya. Ruwa kuma in bar famfon rijiyar burtsatse ya ɗan gudana kafin in cika kwalba mai tsabta. Ni ganye kawai na yi niyyar gwadawa, ita ta dage sai an haɗa duka ukun, kuma nan ne amfanin ya fito.

Sakamakon ya ba ni mamaki. Ƙasata ba yunwa take ji ba, ƙoshi ne ya yi mata yawa. Kalsiyam yana nan jingim, fotasiyam ya wuce kima, gishiri ya taru. Ma'aunin pH, wanda ke nuna tsamin ƙasa ko kanwarta, ya kusa 8, alhali tumatir ya fi son tsakanin 6 da 6.5, kuma ruwan rijiyata ne ke tura shi sama saboda yawan bayikabonet, wani sinadari dangin kanwa, a cikinsa. Idan pH ya hau haka, sinadarin ayon, wato ƙarfe, yana nan cikin ƙasa amma saiwa ba ta iya ɗaukarsa, shi ya sa sabon ganye ke fitowa ɗorawa. Baƙin gindin nan kuma, kalsiyam da ruwa yake tafiya a jikin shuka. Gishiri ya hana saiwa sha yadda ya kamata, zafin Afrilu ya sa ganye ya janye ɗan ruwan da ya samu, 'ya'yan suka tashi a tutar babu. Ashe duk buhun da na ƙara, wutar nake ƙara wa itace.

Shawarar da suka ba ni ba ta da tsada. Na tsayar da kashin kaji da 15-15-15, na kwarara ruwa mai yawa a kan kunyoyi don gishirin ya sauka ƙasa da saiwa, na koma ban ruwa kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana. Na fara sa asid a tanki don rage pH, ana zuba asid cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Ayon kuma suka ce in nemi nau'in EDDHA, wani jan gari da ke aiki ko da pH ya hau. Sannan suka gano wani kuskure da na daɗe ina yi: ina haɗa takin kalsiyam da mai sulfet da mai fosfet a duro ɗaya da kauri. Farin laka da ke toshe min bakin tiyo daga nan yake. Yanzu duro biyu gare ni. Cikin mako biyu sabon toho ya dawo kore shar. 'Ya'yan da suka riga suka yi baƙi sai zubarwa, amma gungu na gaba ya fito lafiya.

Inda suka gaza kuwa, ba zan ɓoye ba. Sun ce mako ɗaya, sai da na yi kusan uku ina sintiri da kiran waya. Tumatir mai ciwo ba ya jiran mako uku, kwanduna da yawa sun tafi a wannan jiran, kuma har yau abin yana min ciwo. Takardar sakamakon ma Turanci ce zalla, lambobi jere ba tare da an rubuta abin da ya kamata kowanne ya kasance ba. Ba don malamar nan ta ba ni rabin sa'a tana bayani da Hausa ba, da na ninke ta na ajiye a aljihu. Manomin da bai samu irinta ba fa? Bayanin ya kamata ya zama cikin aikin da aka biya, a rubuce.

Duk da haka kuɗin gwajin bai kai abin da na kashe a takin da na zuba a banza ba. Mai rumfa da ke sayar da kilo-kilo ga otal ko kanti, ina ba shi shawarar ya gwada ruwansa tun kafin ya dasa, kar ya jira ganye ya canja launi kamar yadda na yi. Na sayi ƙananan na'urorin hannu biyu, ta pH da ta gishiri, yaron yana aunawa kowace safiya yana rubutawa a littafi. Ganye kuma zan sake kaiwa da zarar gungu na biyu ya yi fure, kuma wannan karon sai mun yi yarjejeniyar ranar karɓa kafin in biya.