Gargaɗi ga masu tara littattafan adabin Faransa masu bangon fata

Ana jan hankalin masu tara ƙagaggun labaran Faransa, irin waɗanda ake ƙawatawa da zane da bangon fata, cewa akwai 'yan damfara a Facebook da eBay da ke tallata bugun kasuwa da sunan bugu na musamman mai ƙayyadadden adadi. Galibi sukan samo jerin littattafan Victor Hugo ko Balzac da aka buga dubbai a shekarun 1960 da 1970 ana aika wa masu saye ta gidan waya, su manna wa kowanne lamba, su tsawwala farashi, sannan su ce kwafi ɗaya ya rage domin kada mutum ya tsaya bincike.

Lamba ita kaɗai ba hujja ba ce. Bugu na gaskiya yana da shafi, a farko ko a ƙarshe, inda aka fayyace yawan kwafin da aka buga da irin takardar kowane rukuni, ko Japon ce, ko Hollande, ko Arches, ko Rives. Labarin Balzac mai suna Le Chef-d'œuvre inconnu, wanda dillalin zane-zane na Paris, Ambroise Vollard, ya fitar a 1931 da zane 13 da Picasso ya yi a kan farantin jan ƙarfe, kwafi 340 ne kacal, don haka duk wanda ya kawo shi da araha, ya kamata a gwada bayaninsa da na kundin Ɗakin Karatu na Ƙasar Faransa kafin a yi maganar kuɗi.

Zanen ma yana tona asiri. Wanda aka danna daga farantin ƙarfe yakan bar shatin gefen farantin a jikin takarda har yatsa ya ji shi, amma hoton da injin ya kwafa, idan aka ɗora masa gilashin ƙara girma, ɗige-ɗige ne jere. A ɗaga shafin zuwa haske a nemi tambarin masana'antar takardar. Bango kuwa, mu ba baƙi ba ne a wannan fanni, domin fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a Kano ta daɗe tana cikin waɗanda masu ɗaure littattafai a Turai ke daraja wa. Abin da macutan nan ke kira fata sau da yawa garin fata ne da aka haɗe da gam, wanda ke ɓarewa bayan 'yan shekaru.

Mafi muni shi ne mai cewa littafi jari ne da zai riƙa kawo riba. Kamfanin Aristophil na Paris ya sayar wa mutane kusan 18,000 hannun jari a tsofaffin wasiƙu da rubuce-rubucen hannu, ya rushe a 2015, kuma da aka fara gwanjon kayan a gidan gwanjo na Drouot da ke Paris a 2017, da yawansu ba su kai kusa da kuɗin da aka ƙiyasta musu ba.

Kafin a biya, a nemi hoton shafin adadin da na sunan mai ɗaurin, wanda akan buga da ƙananan haruffa a cikin bango, a tabbatar dillalin yana cikin ƙungiyar SLAM ta masu sayar da tsofaffin littattafai a Faransa, kuma kada a tura kuɗi ta hanyar da ba a iya dawo da su.