Key to English Place-Names: rumbun sunayen garuruwan Ingila, amma koguna sun sha kashi

Jami'ar Nottingham ce ke da wannan rumbu na intanet, kuma kyauta ne. Yana ɗauke da sunayen birane da ƙauyukan Ingila wajen 14,000, mafi yawa daga binciken ƙungiyar nazarin sunayen wurare ta Ingila, wadda aka kafa a 1923.

Amfani da shi ba wuya. Ka rubuta sunan gari ko ka taɓa shi a taswira, sai a ba ka ma'anarsa, a farfasa maka shi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da harshen da ta fito. Nottingham kanta, alal misali, asalinta Snotingaham ne, wato mazaunin mutanen wani mai suna Snot.

Inda ya fi daɗi shi ne neman gaɓa guda. Nemi "by", wadda ke nufin ƙauye ko gona a harshen mutanen Sikandinebiya na da, za ka ga sunayen sun yi cincirindo a gabas da arewa, irin su Grimsby da Derby, daidai inda mutanen Denmark suka zauna a ƙarni na 9. Haka "chester" da "caster" na Manchester da Lancaster, daga kalmar Latin ta sansanin soja suka samo tushe, alamar Rumawa sun taka wurin.

Tarko biyu ne ga sabon shiga. An tsara shi bisa tsofaffin gundumomin da aka sauya a 1974, don haka Manchester da Liverpool suna ƙarƙashin Lancashire. Sannan "ham" iri biyu ce a tsohon Turanci: ta Birmingham mazauni ce, ta West Ham kuwa fadama ce a bakin kogi. Wanda bai karanta jerin gaɓoɓin ba zai haɗa su.

Koguna kam an bar su a baya. Sai dai ka tsince su a cikin sunan gari, kamar Exe a Exeter, alhali sunayensu sun girmi na garuruwan: sunan kogin Avon kalma ce ta Keltawa, mutanen da ke zaune a ƙasar tun kafin zuwan Rumawa, mai nufin kogi kawai. Bayanan ma gajeru ne, ba a jera tsofaffin rubuce-rubucen sunan da shekarunsu, don haka mai bincike mai zurfi sai ya koma kundayen ƙungiyar. Kuma bai tsallaka iyakar Ingila ba, ko Wales da Scotland ba su ciki.