Alobera: ganyen tukunya ko na kwalba?

In hunturu ya shigo Kano, fata ta fara bushewa kaushi ya dawo, sai ka ji ana cigiyar alobera. Wata ta yanko ganye a tukunyar tsakar gida, wata ta nufi kasuwar Sabon Gari ta sayo na kwalba.

Ni dai na tukunya na fi so, don na san abin da nake shafawa. Sai dai yana da aiki. In kin yanko ganyen, ki jingine shi a kofi na minti 15 har ruwan nan rawaya mai ɗaci ya tsiyaye, sannan ki fere, ki kankaro farin mai yauƙi. Shi ne ke sanyaya ƙaramar ƙuna da fatar da rana ta dafa. Rawayan kuwa zawo yake sawa da murɗar ciki, har hukumar magunguna ta Amurka ta cire shi daga magungunan bayan gida na kanti a 2002. Mai ciki kada ta sha. Ga shi farin ba ya daɗewa: mako guda a firji, in babu wuta kwana ɗaya ma da kyar.

Na kwalba yana yin watanni, ya shiga jaka. Amma koren nan shar kala ce aka zuba, wani har da turare mai sa ƙaiƙayi. A duba lambar NAFDAC.

Ƙuna mai zurfi kuwa, a bar duka biyun a nufi asibiti.